Tagar PowerShell na ɓacewa a kan sabar vCenter: a fara gano wanda ya kashe ta

Wani ƙanena da ke kula da kwamfutocin wata ma'aikata nan cikin Sakkwato ya turo mini tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, muna da vCenter 6.7 (manhajar VMware da ke kula da sabobi daga wuri ɗaya) a kan Windows Server 2016. Saba ce ta ƙarfe mai RAM giga 16, tana riƙe da injinan ESXi uku da VM (kwamfutocin manhaja da ke gudu a cikin injinan ESXi ɗin) wajen arba'in. Na rubuta sikirif na PowerCLI (umarnin PowerShell na magana da vCenter) da ke tashi ƙarfe biyun dare, ya tattaro sunayen VM da sinafshot da duk abin da ya faru, ya zuba a fayil. Wasu ranaku sai in wayi gari babu rahoto. In na kunna shi da hannuna kuma, wani lokaci yana cikin aiki sai tagar ta ɓace ɓat, ko jan rubutu babu. Na sa try da catch, tarkon kama kuskure a sikirif, ba su kama komai ba. Na sake zuba PowerCLI har sau biyu. Ko in sauke Windows ɗin gaba ɗaya in sake?"

Kada ka sauke, ƙanena. Kada ma ka ƙara zuba komai a kan wannan sabar sai ka san abin da ke damunta. Injin da kake son yi wa aski shi ne ke ɗauke da vCenter da rumbun bayanansa da satifiket ɗinsa, garin neman gira sai ka rasa ido. Kuma da alama ba cuta ɗaya gare ka ba. Rashin rahoto da dare daban, ɓacewar taga da rana daban, mai yiwuwa ma ba su haɗa dangi ba. Mu a wannan aiki komai "ya mutu" muke ce masa, alhali sikirif ɗin da ya ci karo da kuskure ya tsaya, da powershell.exe da ya faɗi da kansa, da wanda wani ya shaƙe daga waje, kowanne da inda yake barin sawunsa. Sawun za mu bi.

Da farko, yaya kake kunna shi da hannu? In danna dama kake yi a kan fayil ɗin ka zaɓi Run with PowerShell, to wannan tagar dama halinta ke nan: aiki na ƙarewa, ko kuskure na tsayar da shi, take rufewa, jan rubutun ya fito ya wuce kafin ka ƙifta ido. Na sha ganin an kwana ana neman dalilin faɗuwar da ba ta auku ba. Saboda haka ka buɗe cmd.exe tukuna, daga cikinta ka kira shi, in ya mutu tagar cmd tana nan tana riƙe da abin da ya bari:

powershell.exe -NoProfile -NonInteractive -File C:\Aiki\rahoto.ps1

Da zarar ya dawo, kafin ka buga wani abu, ka buga wannan:

echo %ERRORLEVEL%

Lambar da za ta fito ta fi duk wani zato da zan yi maka daga nan. In sifili ce, sikirif ɗin ya kai ƙarshe, ko kuma akwai kalmar exit a wani lungu da ka manta da ita. In 1 ce, kuskure ne ya tsayar da shi, kuma bayanin yana nan a gabanka a kan allo. In kuwa doguwar lamba ce mai alamar ɗebewa a gaba, to faɗuwa ce ta gaske. Guda uku ne aka fi gani. -532462766, wadda ita ce 0xE0434352, na nufin wani kuskuren .NET, ginshiƙin da PowerShell ke tsaye a kansa, ne ya tashi babu wanda ya tare shi. -1073741819, wato 0xC0000005, na nufin an kai hannu wani sashen memori da ba a yarje ba, kuma galibi aikin wani fayil na DLL ne, irin fayilolin da shiri ke ɗorawa don su taya shi aiki. -1073741571, wato 0xC00000FD, na nufin wani aiki ya yi ta kiran kansa har wurin ajiyar kiraye-kirayen ya cika.

A nan ne amsar abin da ya fi ɗaure maka kai take, wato shirun da catch ya yi. Dalili biyu ne. Na farko mai sauƙi: kurakuran PowerShell iri biyu ne, masu tsayar da aiki da masu fitowa a wuce, kuma catch na farkon kaɗai yake gani. Yawancin umarnin PowerCLI na biyun suke fitarwa. Sai ka sa $ErrorActionPreference = 'Stop' a saman sikirif ɗin kafin catch ya fara jin su. Na biyu ya fi zurfi. Catch ɗinka yana gadin zaren (thread, layin aiki guda a cikin shiri) da sikirif ɗin ke gudu a kai ne kawai. PowerCLI kuwa, da ɗakunan .NET da ke ƙarƙashinsa, suna buɗe wasu zaruruwa a bayan fage don magana da vCenter. In kuskure ya tashi a ɗaya daga cikinsu ba a tare shi ba, .NET rushe shirin yake gaba ɗaya, ba ya tsayawa neman izininka. Cikar wurin kiraye-kiraye kuma, tun daga .NET 2.0 ba a iya tare ta, haka kai hannu ga haramtaccen memori tun daga .NET 4.0. Maigadi ne ka ajiye a bakin ƙofa, rufin ɗaki ya rufta ta sama. Ba laifinsa ba ne.

To, in faɗuwar gaske ce, Windows ya rubuta ta. Ka shiga Event Viewer, kundin Application, ka nemi lamba 1000 da lamba 1026 a daidai mintin da tagar ta ɓace. Ko ka ciro su da wannan:

Get-EventLog -LogName Application -Source "Application Error",".NET Runtime" -Newest 20 | Format-List TimeGenerated, Message

Ta 1026 ita ce mai daraja, domin tana faɗin sunan kuskuren da jerin ayyukan da ake ciki lokacin da aka faɗi. Ta 1000 kuma tana ba ka sunan fayil ɗin da aka faɗi a cikinsa. Ka yi hankali da wannan suna. In ka ga KERNELBASE.dll tare da 0xe0434352, kada ka ce ka kama ɓarawo. Shi ɗan aike ne, ta bakinsa kawai aka sanar da mutuwar. Mutane da yawa daga nan suke fara neman "gyaran KERNELBASE" a intanet, su sauko da abin da zai ƙara musu ciwo. Amma in sunan da ka gani na manhajar tsaro ne, ko na wata manhajar sa ido da aka zuba a sabar, to wannan abin bi ne, tunda irinsu suna cusa DLL ɗinsu cikin powershell.exe don su ga abin da ake gudanarwa. Ba kashe ta za ka yi ba. Ka gwada a wani injin da ba ta ciki, ka ga ko faɗuwar ta biyo ka.

Akwai kuma wani kundi da ba a cika leƙawa ba, mai suna Windows PowerShell. Duk lokacin da injin PowerShell ya tashi yana rubuta 400, in ya sauka lafiya ya rubuta 403. Daren da ka ga 400 ba tare da 403 ba, ka san ba shi ya yi sallama ba.

Yanzu in ka ce in faɗi inda na fi zargi kafin in ga kundin, memori zan ce, kuma kalmarka ta "duk abin da ya faru" ce ta sa. Get-VIEvent, umarnin da ke kwaso abubuwan da suka faru daga vCenter, in ba ka ce masa komai ba guda 100 kawai yake kawowa. Sai mutum ya ga rahotonsa ya yi gajere, ya je ya sa MaxSamples a kan lamba mafi girma da aka yarda, wato ya ce wa vCenter ya kwaso duk abin da rumbun ya taɓa ajiyewa. Kowane abu ɗaya a cikinsu ba layin rubutu ba ne, ƙunshi ne mai ɗauke da sunan VM da injin da yake kai da mai asusun da ya taɓa shi da sauran tarkace. In akwai manhajar bakof da ke shiga tana fita duk dare, ita kaɗai ta isa ta cika rumbun da dubban shiga da fita.

Sannan a haɗa da al'adar nan ta $jeri += $abu a cikin zagaye. A PowerShell 5.1 jeri ba ya faɗaɗa. Duk ƙarin da ka yi, sabon jeri ake ƙirƙira, a kwafe na da gaba ɗaya a ciki, a ƙara ɗaya. Ka ɗauka mai awo ne a kasuwa, duk tiyar gero ɗaya da zai ƙara sai ya nemo sabon buhu ya juye wanda ke hannunsa. A tiya goma ba a ji. A ce abubuwa 200,000 ne, kwafin ya doshi biliyan 20. Shi ya sa sikirif ɗin da ya yi lafiya watanni ukun farko yake fara ciwo daga baya ba tare da an taɓa masa ko harafi ɗaya ba: shi bai canza ba, kayan da yake ɗauka ne suka yi nauyi.

Kuma ka tuna a ina yake gudu. vCenter 6.7, ko a mafi ƙanƙantar tsarinsa mai ɗaukar injina 10 da VM 100, giga 10 yake nema. Windows ya ɗebi nasa. Abin da ya rage wa sikirif ɗinka daga giga 16 bai taka kara ya karya ba. Ranar da memori ya ƙare a wannan injin, ba lallai powershell.exe ne kaɗai zai ji jiki ba. Vpxd, wanda shi ne zuciyar vCenter, ko PostgreSQL da ke riƙe da rumbun, kowanne na iya tuntuɓe. Ka duba kundin System ka nemi lamba 2004. In tana nan, Windows da kansa ya faɗi cewa memori ya yi ƙasa, har ya lissafa shirye-shirye uku da suka fi ci.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya, kuma ita nake so ka yi tun yau. Start-Transcript a farko yana da amfani, amma na fi yarda da ɗan fayil ɗin da kai ne ke rubuta masa layi da Add-Content a kowane mataki: lokaci, inda aka kai, da memorin da shirin ke riƙe da shi, wanda Get-Process -Id $PID zai ba ka a ƙarƙashin PrivateMemorySize64. Add-Content yana rubutawa ya rufe fayil nan take, don haka ko an faɗi, layin ƙarshe ya riga ya sauka. Abin da za ka tarar da safe zai yi kama da haka:

02:00:04 an shiga vCenter, 210 MB
02:03:40 VM na 12, 640 MB
02:11:15 VM na 27, 1480 MB
02:14:02 VM na 31, 1790 MB

Sai shiru. Duk wanda ya ga irin wannan hawa ba ya buƙatar boka. In kuwa memorin bai motsa ba amma kullum a kan VM ɗaya ake tsayawa, to wannan VM ɗin za ka je ka duba: ko wanda vCenter ke nuna ya zama maraya ne, ko ma'ajiyarsa ta ɓace, ko wani sashen bayaninsa fanko ne sikirif ɗin ya kai hannu.

Na zaɓi lambobin can sama da gangan, su tsaya dab da giga 2. In naka ya tsaya a irin wannan wuri alhali sabar tana da sauran sarari, to PowerShell mai bit 32 kake gudanarwa ba ka sani ba. Shiri mai bit 32 ba ya wuce giga 4 ko da sabar ta cika da RAM, da yawa ma a giga 2 suke shaƙewa. Ka buga $PSHOME. In ka ga SysWOW64 a hanyar, mai bit 32 ne. In System32 ne, mai bit 64 ne. Na sani, sunayen kamar an juya su, haka aka gada. Tsohon PowerCLI da ake zubawa da fayil na MSI yana ajiye gumaka biyu a kan allo, ɗaya na 32, kuma mutane na danna wanda hannu ya fara kaiwa.

Maganin memorin kuwa rage kaya ne, ba ƙara RAM ba. Ka ba Get-VIEvent iyaka da Start da Finish, kwana ɗaya kacal, tunda rahoton kullum ne. Ka bar abin ya gudana ta bututu kai tsaye zuwa Export-Csv, bayan Select-Object ya zaɓi ginshiƙan da kake so, maimakon tara komai a jeri. Wajen jerin VM kuma, Get-View -ViewType VirtualMachine -Property Name,Runtime.PowerState,Snapshot zai kawo abin da ka ambata kawai, ba kamar kiran Get-VM da 'yan uwansa sau arba'in a cikin zagaye ba. A ƙarshe Disconnect-VIServer -Confirm:$false, a cikin finally, don kada zaman da ka buɗe ya yi ta taruwa a vCenter.

Zargina na biyu shi ne wannan zubawa sau biyu da ka yi, wadda nake tsoron ta ƙara ruwa ne a miyar. Tun 2017, daga PowerCLI 6.5.1, an bar MSI an koma modul da ake saukewa daga PowerShell Gallery. Install-Module da Update-Module ba sa cire na da, gefe da gefe suke ajiye su. Kuma VMware.PowerCLI kansa kamar marfi ne. In ka cire shi, modul ɗin da ke ƙarƙashinsa suna nan zaune. To a injin da aka taɓa zuba MSI, aka zo aka zuba na Gallery da asusunka, wani kuma ya kwafo na zif ya watsa a Program Files, sigogi uku ke nan a gida ɗaya. PowerShell 5.1 in ya ɗora wani DLL ba ya sauke shi sai an rufe shirin. Sai wani modul ya ɗora tsohon, na gaba ya zo yana neman sabon, a yi karo. Wani lokaci jan rubutu ake gani mai cewa an kasa ɗora fayil, wani lokaci kuma a zaren bayan fage ake karon, taga ta tafi. Ka buga:

Get-Module -ListAvailable VMware.* | Select-Object Name, Version, ModuleBase

In ka ga VMware.VimAutomation.Core ya fito fiye da sau ɗaya, ko hanyoyin sun rabu gida biyu, ka samu aikin yi. Ka cire tsohon MSI daga jerin manhajojin Windows, ka duba $env:PSModulePath ko ya bar hanyarsa a ciki, ka share duk foldojin modul na VMware da ke Documents\WindowsPowerShell\Modules da C:\Program Files\WindowsPowerShell\Modules, sannan ka zuba siga ɗaya tak wadda teburin dacewa na VMware ya ce tana tafiya da vCenter 6.7. Foldojin modul na ce, ba C:\Program Files\VMware ba. Can vCenter ɗinka yake kwance. In da filashi ka kawo zif ɗin daga wata kwamfuta, kamar yadda yawancinmu ke yi saboda tsadar data, ka bi fayilolin da Unblock-File, in ba haka ba Windows zai ɗauke su baƙi ya ƙi ɗora wasu. In kuma sikirif ɗin yana da layin Add-PSSnapin da ka kwafo daga wani tsohon misali, ka goge shi. Haka nan kada ka haɗa PowerCLI da modul na wani kamfani a zama ɗaya in ba dole ba, domin da yawa suna ɗauke da nasu kwafin Newtonsoft.Json, kowa da sigarsa.

Wani ɗan abu a gefe, tunda ya taɓa ba ni kunya a gaban mutane: in sikirif ya sandare, ba ya gaba ba ya baya, ka dubi saman tagar. In ka ga kalmar Select, linzaminka ne ya taɓa cikin tagar, ta tsayar da fitar da rubutu tana jiran ka gama zaɓe. Danna Esc kawai.

Mu koma kan dare. Shekarun baya ina kula da wata saba a wani ofis da ke wajen Runjin Sambo, da aikin dare irin naka, kuma na kusa mako uku ina zargin sikirif ɗina. Wasu ranaku rahoto, wasu ranaku fayil mai rabi. Babu 1000, babu 1026, memori lafiya lau. Wata safiya a cikin watan Afrilu na iso da wuri, zafi ya riga ya fara, na tarar da maigadi yana goge hannu da tsumma a gefen janareta. Na ce, Baba, an kwana da wuta kuwa? Ya ce, "Ina fa, Malam. Wajen ƙarfe biyu da 'yan mintoci anka ɗauke ta, sai da nit tashi nit tada injin." Nan na tsaya da makulli a hannu. Ni da kaina na haɗa UPS ɗin da sabar ta wayar USB watannin baya, don ta riƙa sanin halin batir. Daga ranar Windows ya ɗauki sabar tamkar laftof. A Task Scheduler kuwa, mai tada ayyuka a kan lokaci a Windows, shafin Conditions, akwai akwatuna biyu da ke zuwa a cike tun asali: ɗaya ya ce kada a fara aikin sai ana kan wutar bango, ɗayan ya ce a tsayar da shi in an koma kan batir. Sabar ba ta mutu ba ko na daƙiƙa, UPS ya riƙe ta har janareta ya tashi. Amma a cikin 'yan mintocin nan Task Scheduler ya shaƙe aikin, bisa umarnin da ni ban ma san na bari ba.

Tunda ka ce sabarka ta ƙarfe ce, wannan shi ne abu na farko da za ka duba gobe. Ka kunna tarihin ayyuka da Enable All Tasks History, domin a kashe yake zuwa. Lamba 327 a tarihin na nufin an tsayar don komawa batir, 329 kuma lokacin da aka ɗibar wa aikin ne ya cika. Ka kuma leƙa kundin System ka nemi 41 da 6008. In suna nan a daren da babu rahoto, sabar ce gaba ɗaya ta mutu, batirin UPS bai kai janareta ba, kuma damuwarka ta wuce ta sikirif, domin rumbun vCenter ba ya son a riƙa yanke masa wuta yana cikin rubutu.

Sauran tarkon dare duk tushensu ɗaya: da rana kai ne ke gudanar da shi, da dare wani asusu ne, a ɗakin da babu kowa. Modul ɗin da ke Documents ɗinka shi ba ya ganinsu. Kalmar sirrin da ka adana da Export-Clixml an kulle ta ne da asusunka da wannan injin, wani asusu ba zai buɗe ta ba. Faifan netwok da ka ba harafi, shi bai san da shi ba. In ka bar gurbin Start in fanko, daga System32 yake farawa, har ma ya yiwu rahotannin da kake nema suna can a jibge. Ka yi amfani da $PSScriptRoot ko cikakkiyar hanya. Duk wata tambaya da PowerCLI zai yi, ta tabbatarwa ko ta shiga shirin tattara bayanan masu amfani, da dare babu mai amsa ta, sai a yi ta jira. Shi ya sa na sa -NonInteractive a can sama: yana mai da jiran ya zama kuskuren da za ka gani. Saitin Set-PowerCLIConfiguration kuma ka yi shi da -Scope AllUsers, ba don kanka kaɗai ba.

Ɓangaren vCenter zan wuce shi da sauri, domin matsalolinsa jan rubutu suke kawowa, ba kasafai suke rushe taga ba. Zaman da aka bari shiru minti 30 yana ƙarewa, don haka sikirif ɗin da ya shiga sannan ya ɓata lokaci yana juye buhuna zai dawo ya tarar an rufe masa ƙofa. Umarni ɗaya da ya wuce daƙiƙa 300 PowerCLI yana yanke shi, sai in ka ƙara WebOperationTimeoutSeconds. Tun PowerCLI 10 na 2018, satifiket ɗin da ba a amince da shi ba ƙin shiga yake jawowa, ba gargaɗi ba. Kowa Ignore yake sawa, wato a ƙyale binciken satifiket, ni dai na fi son a sauko da tushen satifiket daga shafin farko na vCenter a zuba a Windows, aikin minti biyar ne. Sai agogo, wanda a nan garin ba abin rainawa ba ne. Batirin CR2032 na kan allon saba in ya mutu, duk yankewar wuta sai agogo ya rikice, alhali Kerberos, tsarin tantance masu shiga na Windows, minti 5 kawai yake haƙuri da saɓanin agogo, tsarin shiga na vCenter kuma minti 10. Ka gwada w32tm /query /status. Kundin vpxd yana C:\ProgramData\VMware\vCenterServer\logs\vmware-vpx; ka kwatanta lokacin faɗuwar da abin da ke ciki. In ka haɗa da kundin ESXi, ka tuna agogon UTC suke bi, awa ɗaya baya da namu.

In lambar 0xC0000005 kake samu, kuma kowace rana a fayil daban, kuma ba PowerShell kaɗai ke faɗuwa ba, ka daina kallon manhaja ka kalli ƙarfen. Ɗakin saba da esi ɗinsa ke mutuwa tare da wuta a bazarar da ake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Janairu ba a hure ba, yana iya sa RAM ya fara ɓata lissafi. Kundin iDRAC ko iLO, wato sashen da ke lura da lafiyar ƙarfen saba, gwargwadon irin sabarka, zai nuna kurakuran memori da hawan zafi, haka ma WHEA-Logger a kundin System.

In duk an bi wannan ba a kama ba, sai a ɗauki hoton gawar. ProcDump na Sysinternals zai tada shirin ya tsaya a kansa, yana faɗuwa ya kwafe memorinsa:

procdump -accepteula -e -ma -x D:\Hoto powershell.exe -NoProfile -File C:\Aiki\rahoto.ps1

Fayil ɗin da zai fito ana buɗe shi da WinDbg, a buga !analyze -v. Girmansa ya kai duk memorin da shirin ke riƙe da shi, don haka kada ka ajiye shi a faifan da vCenter ke kai. Kuma kalmar sirrin da sikirif ɗin ya shiga da ita na iya kasancewa a ciki, kada ka tura wa kowa a WhatsApp, har ni.

Abin da zan yi da ni ne a kujerarka, ko da an gano dalilin, shi ne in kwashe sikirif ɗin daga kan sabar. PowerCLI ta netwok yake magana da vCenter, ta tashar 443, babu abin da zama a injin ɗaya ke ƙara masa. Ƙaramin VM mai giga 4, da PowerCLI siga ɗaya, da asusun vCenter mai izinin karatu kawai, ya wadatar. In ya faɗi can, shi kaɗai ya faɗi. Kuma wannan ƙaurar gwaji ce a karan kanta: in ciwon bai biyo shi ba, ka san a tsohon gidan yake. Ko ba jima ko ba daɗe ma sai ka yi ta, domin 6.7 ne vCenter na ƙarshe da ke hawa kan Windows, daga 7.0 na 2020 sai wanda ke zuwa a shirye a kan Photon OS, kuma babban tallafin 6.7 ya ƙare tun 15 ga Oktoba, 2022. Wannan magana ce da ya kamata ta kai teburin oganka a rubuce.

Kafin nan, ka turo mini lambar da echo ya ba ka, da rubutun 1000 da 1026 in akwai, da abin da Get-Module ya lissafa, da layuka goma na ƙarshe na ɗan fayil ɗin nan na Add-Content, da tarihin Task Scheduler na dare ɗaya da babu rahoto. Ka goge sunan saba da na asusu kafin ka turo. Ka kuma tambayi maigadinku ƙarfe nawa aka ɗauke wuta a wannan daren.